Godiya ga waɗanda suka tsaya a kan numfashin 'yarmu

Alhamdulillah. Jiya aka sallame mu bayan kwana 34 a sashen kula da jarirai na musamman. 'Yarmu ta zo gida tana numfashi da kanta, ba roba a hanci, ba waya a ƙirji.

Bakwaini ce, a mako na 30 aka haife ta. Ba ta yi awa guda a duniya ba ta fara nishi, ƙirjinta na lotsawa duk lokacin da ta ja iska. Likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani: huhun bakwaini bai gama samar da wani ruwa mai santsi da suke kira safaktan ba, wanda ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa idan an fitar da numfashi. Don haka duk numfashi sai ta sake buɗe su da ɗan ƙarfinta. Aka sa mata CPAP, na'urar da ke tura iska a hankali ta hanci don huhun ya zauna a buɗe. Kwana na biyu abin ya fi ƙarfinta, aka zura mata bututu a maƙogwaro, aka zuba mata safaktan ɗin kai tsaye cikin huhu. Kwana uku na'ura ce ke yi mata numfashi. Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo kamar su ba.

Likitoci, Allah Ya saka muku da alheri. Amma masu jinya na aikin dare, ku ne ba zan iya biya ba. Ku ne ke gyara robar hancin sau ba adadi don kada ta ji mata ciwo, ku ne ke zaburowa idan ta manta da numfashi, abin da bakwaini kan yi. Wani dare na ga lambar iskar jininta ta sauka, na roƙi a ƙure mata oksijin. Wata daga cikinku ta ce, "Baban yarinya, iskar nan magani ce. Muna riƙe ta tsakanin 90 da 95, in ta yi yawa tana iya lalata idon bakwaini." Ta gyara mata kwanciya, lambar ta hau. Hajiya, na gode da haƙurin da kika yi da ni.

Mai ɗakina, da ɗinki a jikinki kike tatsar nono dare da rana ana ba ta ta roba, kika kuma riƙa kwantar da ita fata da fata a ƙirjinki. Allah Ya ba ki lada.

'Yan'uwa da abokan arziki da suka kira, suka zo, suka yi addu'a, mun gode ƙwarai.

Akwai jariran da muka bari a ɗakin nan har yanzu a kan na'ura, iyayensu na zaune a inda na zauna. Don Allah ku sa su a addu'a, tare da tamu da za a duba wa ido mako mai zuwa.