Talata: ranar farko ta katin shiga lakwal

Yau dai aka fara aiki da katin nan da darekta ya daɗe yana cika mu da zancensa. Tun kafin takwas ina bakin ƙofa cikin hazo, yara sun yi layi kowa da nasa rataye a wuya, ka kai shi jikin wani ɗan akwati da aka kafa a bango ya yi tiit, shi kenan sunanka da lokacin da ka shigo sun hau ordinatar da ke biro.

Yaron da ya haɗa mana kayan, a jami'ar André Salifou ya yi karatu, ya ce RFID ake ce wa abin. Ni abin da ya ɗaure min kai babu batir a katin ko kaɗan, ƴar pus ce, wato mitsitsiyar ƙwaƙwalwar lantarki, da siririyar waya da aka naɗe cikin robar, akwatin ne ke sakin igiyar rediyo ta 13,56 MHz, ita ke ba katin ƴar wutar da zai faɗi lambarsa, shi ya sa sai an kawo shi dab, santimita kaɗan. Lamba kawai ke ciki, ordinatar ke haɗa ta da suna.

Gaskiya ya rage aiki. Apel a ajin da ya cika yana cin lokacin darasi, mushe na kiran suna ana ta prezan prezan har da muryar waɗanda ba su zo ba.

To amma ƴan Damagaram ai ba a gaya musu dabara. Wani ɗan turwaziyem na ga ya yi tiit sau biyu, na ce kai zo nan, na wa ke hannunka na hagu? Ya ce mushe na abokina ne yana tafe. Yana tafe ina, yana wajen mai shayi a Zango, ita kuwa na'ura ta riga ta rubuta ya zo, ba ruwanta da wuyan da kati ke rataye.

Wajen tara kuma sai ga wata baiwar Allah daga Garin Malam a kan kabu-kabu hankalinta tashe, wai mesaj ɗin da ordinatar ke tura wa iyayen wanda bai yi tiit ba ya shigo portabul da faransanci, maƙwabci ya karanta mata cewa ɗiyarta ba ta zo ba. Na ce Hajiya ki kwantar da hankalinki, na leƙa aji ga yarinya zaune tana rubutu, katin ta manta a gida. Kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa dai sun tafi a banza, ni na ji kunyar da ba tawa ba.

Sha ɗaya kuran ya ɗauke, ordinatar ta mutu, darekta na ta zancen pano na hasken rana. Na ce masa a sa mesaj ɗin nan da Hausa, kuma kar a tura sai sirbeyan ya leƙa aji tukuna. Ya ce zai duba. Kayen apel dai ban mayar musu ba, gobe ma da shi zan tsaya bakin ƙofa.