Tafiyata Malta Neman Zama Ɗan Ƙasa ta Wajen Mahaifiyata

Mako biyu ke nan da dawowata daga Malta, tsibirin da ke tekun Bahar Rum, ƙasar marigayiya mahaifiyata, inda na je shigar da takardun neman zama ɗan ƙasa. An haife ni a Kano a 1983, lokacin da dokar Malta ba ta yarda ɗan da aka haifa a waje ya gaji ƙasa ta wajen uwa ba, sai ta wajen uba. Daga 1 ga Agusta 1989 aka daidaita uwa da uba, sannan gyaran da aka yi wa dokar a 2000 ya ba irinmu, waɗanda aka haifa tsakanin samun 'yancin kan ƙasar a 1964 da 1989, damar yin rajista, ya kuma halatta riƙe ƙasa biyu. Tsarin mulkin Najeriya ma bai hana wanda ya gaji ƙasar ta haihuwa riƙe wata ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata wanda ban taɓa gani ba sai a hoto, shi ya tarbe ni a filin jirgin sama na Luqa. Ya riƙe fuskata da hannu biyu yana kuka, yana cewa idanun yayarsa ne sak. A gidansa da ke Rabat, gab da ganuwar tsohon birnin Mdina, na tarar matarsa ta sayi sabuwar tukunya domin ni kaɗai, saboda kada a dafa mini abinci a wadda naman alade ko giya ya taɓa. Kifin lampuki ta soya mini, wanda ake kamawa daga Agusta zuwa ƙarshen shekara. A Kano ma, da muke alfahari da karɓar baƙo, ban cika ganin kulawa irin wannan ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne harshensu, wanda tushensa Larabci ne ko da yake da baƙaƙen boko ake rubuta shi. Kiristoci ne, amma Alla suke kiran Ubangiji, azuminsu kuma Randan. Da kawu ya ce mini ofishin da zan kai takarduna zai buɗe ranar it-Tlieta, na gane Talata yake nufi tun kafin ya fassara, haka kuma il-Ħamis da il-Ġimgħa, har ma ħamsin a ƙidaya. Sai na tuna yadda mahaifiyata ta riƙe kwanakin mako da Hausa tun kafin ta iya gaisuwa sosai, abin da ban taɓa sanin dalilinsa ba sai ranar.

A ofishin da na kai takarduna ne raina ya ɓaci. Ma'aikacin bai amsa gaisuwata ba, ya duba takardar haihuwata da ta auren iyayena, ya ga an rubuta sunan mahaifina iri biyu, sai ya turo mini su ta ƙarƙashin gilashi yana tambaya ko nawa na saye su. Kawu ya miƙe, ya ajiye takardar haihuwar yayarsa a gabansa, ya yi masa magana da harshensu, nan take muryar mutumin ta sauka. Duk da haka sai da na nemi a aiko mini takardar rantsuwar kotu daga Kano.

Tsada kuwa sai wanda ya gani. Ƙasar ba ta wuce murabba'in kilomita 316 ba, ba ta da kogi ko ɗaya, ruwan teku suke tacewa su sha, kuɗin hayar ɗaki guda kuma zai kama wa mutum gida sukutum a unguwarmu. Abin da na samu da araha shi ne pastizzi, wani gasasshen fulawa mai cuku ko wake a ciki, wanda bai kai yuro ɗaya ba.

Na yi sallar Juma'a a masallacin Paola, na tsallaka zuwa tsibirin Gozo a jirgin ruwa na yi wuni ɗaya a can, sannan na dawo ta Istanbul. An karɓi takarduna kwana biyu kafin tasowata, yanzu kiran rantsuwar mubaya'a nake jira.