Etanolamin: lambobin Turai da ruwan Damagaram

Ƙanena ya samu aiki a wani wurin da ake wanke injuna, kuma cikin sinadaran da suke narkar da maiƙo da su akwai etanolamin, wanda ake rubutawa MEA a jikin ganga. Ya kawo mini takardar bayanin hatsarinsa, da Faransanci, wai in fassara masa.

Ruwa ne mai ɗan kauri, marar launi, warinsa na ɗaukar hanci irin na amoniya. Matatun mai da na iskar gas suna amfani da danginsa wajen tsotse iska mai guba, ana kuma samunsa a wasu magungunan rinin gashi. Idan sanyi ya kai wajen digiri 10 daskarewa yake yi.

A Amurka, hukumar OSHA, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ƙayyade kashi 3 cikin miliyan na iskar wurin aiki, a tsawon awa 8. Tarayyar Turai ta fi tsanani: tun 2006 ta sa kashi 1 cikin miliyan a awa 8, kashi 3 cikin miliyan a minti 15, ta ƙara gargaɗin cewa yana ratsa fata. Idan ya kai kashi 30 cikin miliyan, hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta ce rai na cikin hatsari nan take.

To, madalla. Amma wa ke da na'urar awon iska a rumfar kwano, cikin zafin watan Afrilu? Kuma wane yaron shago ne ke tashi bayan awa 8? Zafi na ƙara tururin, daɗewa na ƙara abin da jiki ke kwasa. Hanci ma ba abin dogaro ba ne, yana sabawa da wari.

Layin da na ja masa kunne a kai shi ne na ido. Etanolamin ɗan gidan su soda ne, yana cin nama yana nutsawa ciki, har ya kai ga makanta. Taimakon farko ruwa ne mai tsabta, ana kwarara shi aƙalla minti 15 ba tsayawa, sannan a nufi likita. Wanda ya rubuta takardar bayanin nan yana da famfon da ba ya ɗaukewa. Mu a Damagaram mun san yadda ake kwana jiran pampo, a ƙarshe a kira ɗan garuwa. Na ce masa: «Kai Ƙane, kada ka buɗe gangar nan sai ka ga bido biyu cike da ruwa kusa da kai.» Ban da shafa manja, ban da man goge baki, ban da lemun tsami.

Takunkumin kyallen da muka saba tun korona ba ya tare tururi. Abin da zai roƙi maigidansa shi ne tabarau mai rufe gefe da safar hannu ta roba mai kauri, a kuma yi aikin inda iska ke kaɗawa.

Gangar kuma in ta ƙare, kada a kai ta gida a zuba ruwan sha, komai kyanta.