Ɗakin kwana a gangaren fili: lissafin kuɗi daga tushe zuwa linta

'Yan uwa masu koyon gini, aikin ɗakin nan ya kai linta, don haka lokaci ya yi da za a baje lissafin. Ɗakin ƙafa 12 ne a kan 12, wato mita 3.6 kowane gefe, tsayin bango mita 3. Filin gangare ne, bangon baya na jingine da ƙasa har kusan ƙafa 4. Wannan bangon shi ne ya fi komai cin kuɗi, kuma shi ne ake yawan mantawa da shi idan ana rubuta kasafi.

Lissafin bulo ba wuya. Kewayen ɗakin mita 14.4, idan aka ninka da tsayi za a samu murabba'in mita 43. A cire gurbin ƙofa da tagogi biyu, saura kamar 38. Bulo mai inci 9 guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya, wato 380 ke nan. A ƙara layi uku na cikin tushe, kowane layi 32, sannan rarar waɗanda za su fashe wajen sauke kaya. An tsaya a 500.

Siminti ya fi son a bi shi sannu. Kankaren tushe a haɗin 1:3:6, wato awo ɗaya na siminti, uku na yashi, shida na tsakuwa, ya ci buhu 10. Ɗaurin bulo wasu 10, tunda buhu ɗaya na ɗaure bulo 50 ko ƙasa da haka idan birkila mai kaurin hannu ne. Daɓe mai kaurin inci 4 a haɗin 1:2:4 buhu 9. Filasta ciki da waje za ta ci kamar 8, ginshiƙai da linta 5, cikon ramukan bulon bangon baya 3. Jimilla 45. Ku rubuta kasafi da adadin buhu da tifar yashi da tsayin rodi, farashin naira ku sa shi a wani gurbi daban da fensir, domin kuɗin siminti ba ya jiran kowa.

Yanzu bangon baya. Daminar Kaduna tana da tsawo, kuma a Agusta da Satumba ƙasa ƙoshi take yi da ruwa. Jar ƙasar nan idan ta jiƙe tana danna bango da nauyinta, ruwan kuma yana neman hanyar shiga ta gaɓar bulo. Bulo zalla ba zai iya ba. An kafa rodi mai milimita 12 a tsaye daga cikin kankaren tushe, ɗaya a kowane bulo, aka cika ramukan da kankare layi bayan layi ana caccakawa da guntun rodi don kada iska ta maƙale. Daga waje an yi filasta, aka bari ta bushe, aka shafa kwalta sau biyu, aka manna leda mai kauri. A gindin bangon an shimfiɗa bututun roba mai huje-huje cikin tsakuwa, an karkatar da shi ya zubar a kwata. Wanda ya mayar da ƙasar da ya haƙa kai tsaye jikin bango don gudun kuɗin tsakuwa, damina ɗaya ta isa fenti ya fara kumbura, farin gishiri ya fito, kaya su yi warin danshi. Gyaran kuma sai an sake haƙa bayan ɗakin gaba ɗaya, a biya lebura sau biyu.

Idan bango zai riƙe ƙasa fiye da zurfin ƙafa 4 ɗin nan, ku sa kuɗin injiniya a kasafi, ba aikin ɗan koyo ba ne. Haka kuɗin izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, a kai zane tun kafin a sa diga a ƙasa.

Ƙarƙashin daɓe ma an zuba maganin gara, aka shimfiɗa leda, bakin wata ya hau kan wata da faɗin tafin hannu biyu. Ruwan ban kankare shi ma kuɗi ne: mako guda ana jiƙa shi safe da yamma, kuma a hunturu, da iska ke busar da shi da wuri, sai an rufe da buhunan siminti jiƙaƙƙu. Mai sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ya lissafa wannan.

Abin da ya rage shi ne katako da kwano, silin, wayarin, ƙofa da tagogi, sai tayil da fenti. Tagar da ke bangon gaba an yi ta babba da gangan, kuma ƙarfen kariyarta zai zama mai buɗewa daga ciki, domin ɗakin da mutum ke barci yana bukatar mafita ta biyu idan gobara ta tare ƙofa. An ajiye kashi 15 cikin 100 na jimillar kuɗin a gefe, bututu da ƙarin tsakuwa sun riga sun taɓa shi. Bututun wayarin za a binne su kafin filasta, fenti kuwa sai bayan filastar ta bushe sarai.