Yadda takalmana suka fara fitowa a Google

Shekara biyu da buɗe shafin intanet na takalma da jakunkunan fatar da muke ɗinkawa a nan Marwa ta Kamaru, amma ko ni na nemi kaina a Google sai na wuce shafi uku ban gan ni ba. Ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Marwa ya duba ya ce, "Kawu, ai hotunanka ne suka yi nauyi."

Gaskiyarsa. Kowane hoto yadda ya fito daga waya haka nake ɗora shi, shafin kuwa sai ya yi ta jan ƙafa. Google yana so babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma yadda shafin yake a waya ya fi dubawa. Muka rage girman hotunan, muka mayar da su WebP, wani nau'in hoto marar nauyi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Search Console, manhajar Google da ke nuna wa mai shafi yadda ake samun shafinsa. Nan na ga kalmomin da mutane ke rubutawa. Ni ina ta zuba kirari da Hausa, ashe masu saye daga Yawunde da Duwala da Faransanci suke nema. Yanzu kowane kaya na da shafi biyu, na Hausa da na Faransanci, da suna a fili, da farashi da sefa.

Wani ya zo zai sayar mini da mahaɗai ɗari, wato adireshin shafina da za a liƙa a wasu shafukan da ban sani ba, don in hau sama a Google. Na ce a kai kasuwa, Google na hukunta wannan. Na dai sa shagon a taswirar Google, ina roƙon masu saye su rubuta ra'ayinsu. Makon jiya wata hajiya daga Garwa ta kira, jaka shida take so.