Da haƙarƙarinta aka gyara mata muƙamuƙi

'Yata tana shekara 10 kumburin ya fara, a ƙasan kumatunta na dama, kamar ta ƙunshe goro a baki. Ba ya mata ciwo, kuma rashin ciwon ne ya yaudare mu. Kakarta ta ce hangum ne. Wanzami ya yi mata tsaga, ba abin da ya fito sai jini. Daga baya wani mai cire haƙori a nan Garwa ya cire mata turame biyu da suka fara girgiɗi. Wata takwas muka ɓata a haka. Ni ne uba, ni ya kamata in ce a tafi asibiti tun ranar farko, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da aka ɗauki hoton ƙashi, sai ga muƙamuƙin ya yi ramuka kamar kumfar sabulu. Aka tura mu Yawunde. Muka hau mota zuwa Ngaundare, muka kwana a jirgin ƙasa, muka sauka gidan ɗan'uwana a unguwar Birikiteri.

Ni so nake a yanke abin a huta. Likita ya ce, "Malam, ba ma taɓa shi sai mun san sunansa." Aka gutsuri ɗan nama aka kai gwaji. A lokacin na ga kamar jan rai ne, ashe nan ne hikimar take. Akwai sankarar da ke kumbura muƙamuƙin yara cikin 'yan makonni, wadda wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana a Yuganda a 1958, ita allurai ake mata, ba wuƙa ba. Namu kuwa amelobilastoma ne, ƙari mai tasowa daga ƙwayoyin da ke gina haƙori. Ba kasafai yake yaɗuwa a jiki ba, amma yana cinye ƙashi a hankali, in kuma kankare shi kawai aka yi yakan dawo. Dole a yanke shi haɗe da ɗan lafiyayyen ƙashi ta kowane gefe.

To, in an cire, me zai riƙe haɓa? Ban taɓa wannan tunanin ba sai da likitan ya zana mini a takarda. In aka bar giɓin, haɓa takan karkace, tauna ta gagara, magana ta lalace. Ƙarfen taitaniyom shi kaɗai yana iya kwancewa ko ya huda fata, ga shi ba ya girma tare da yaro. In giɓin ya yi tsawo, ƙaramin ƙashin ƙwauri ake ɗaukowa da jijiyoyin jininsa a ɗinka su da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Nata bai kai haka ba, sai aka zaɓi haƙarƙari, a ɗaure shi da ƙarfe. Mahaifiyarta ta yi ta kuka, wai za a bar yarinya da rami a ƙirji. Likita ya ce, "Hajiya, in muka bar fatar da ke lulluɓe da ƙashin, a jikin yaro yakan sake tsirowa."

Bayan tiyata ne muka san aiki. Kusan mako biyu abinci ta roba yake shiga, ta hanci: kunun gyaɗa da aka tace, madara, romo. Ana wanke bakin sau da yawa a rana, domin ɗinkin ciki in ya ruɓe, dashen ƙashin ne zai tafi. Abin mamaki, ƙirjin ya fi fuskar yi mata ciwo, har tari take tsoro. Leɓenta na ƙasa ya mutu ta gefe ɗaya, saboda jijiyar da ke ba shi ji ta cikin ƙashin da aka cire take bi. Rannan shayi ya ƙona ta ba ta sani ba, tun daga nan ni nake fara kurɓa kafin in miƙa mata.

Na zaci da an sallame mu an gama. Ina! Fuskar yaro girma take yi, haƙarƙarin da aka dasa kuma yana iya wuce ɗaya gefen ko ya gaza shi. Dasa mata haƙoran dindindin sai ta gama girma, yanzu na roba take sawa. Shi kansa ƙarin yana iya dawowa bayan shekaru, don haka duk shekara sai mun koma hoto, kuma kuɗin tafiyar nan daban nake ajiye shi, ko iri ban saya da shi.

Yanzu shekararta 13. Ta daɗe tana jan hijabi har bisa haɓa in za ta makaranta, ban taɓa ce mata ta sauke ba. Da Babbar Sallar da ta wuce ta zo ta tsaya a kaina ina yanka nama, ta ce, "Baba, a ba ni tsoka, ta hagu zan tauna."