Iskar Kwatano da hazon Jos

Jiya da asuba na fito zan tafi masallaci, da ƙyar na hango fitilar gidan da ke kallon namu. Hazo ya sauka cikin dare, ga warin taya ya cika layi. Kafin in dawo, autata ta fara tarin nan da na sani, wanda ƙirji ke yin fito a ƙarshensa. Mahaifiyarta na bakin gado riƙe da abin shaƙarta, ta ɗago ta ce, "Malam, sun sake kunna tayar nan fa."

Yarinyar shekararta bakwai, tana da asma. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ma barci da ido biyu a gidanmu.

Shekara shida na yi ina kai-komo tsakanin Jos da Kwatano ina ɗauko motoci, har gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa daga farkon Janairun 2017. A can na fara kula da iska, na gane ita ma tana da lokacin zuwanta da na tafiyarta. Kwatano gari ne matse tsakanin teku da tafkin Nokoue, kuma hayaƙi ba ya masa kaɗan. 'Yan acaɓarsu, da suke kira zemijan, masu riga ruwan ɗorawa, sun fi ƙarfin ƙirga, kuma a lokacin yawancinsu fetur ɗin kwalba suke sha, wanda ake ce wa kpayo, ana jera shi a bakin titi. Idan ka bi ta wajen kasuwar Dantokpa da sassafe, ido yaji yake yi, maƙogwaro ya yi ɗaci.

Amma da rana ta ɗaga sai iska ta taso daga teku. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, don haka iskar da ke kan tudu takan yi zafi ta yi sama, mai sanyi ta kan ruwa ta kwararo ta cike gurbinta. Kusan kullum haka, kamar mai shara da ba ta fashi. Bayan la'asar, in na gama da takardun mota, nakan je bakin ruwa a Fijirose in zauna, rigata na kaɗawa, in ji ƙirjina ya buɗe. A watan Agusta ma har ta fi ƙarfi, garin ya yi sanyi-sanyi, igiyar ruwa ta yi ta dukan gaɓa.

Ba kyauta take aikin ba. Gishiri take ɗaukowa, kuma duk dillalin da ya san sana'arsa sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar da ta daɗe a fili, don tsatsa daga nan take farawa. Wanki kuwa ya wuni a igiya bai bushe ba.

Wani Janairu ina masauki a Zongo, na tashi na ga sama ta yi fari fat, rana kamar faifai, leɓena ya bushe. Wani dattijo da muke sallah tare ya ce, "Ɗana, iskar gida ce ta biyo mu." Gaskiya ya faɗa. A 'yan makonnin nan iskar arewa maso gabas takan rinjayi ta teku, hunturu ya gangaro har bakin ruwa. Sai dai a can baƙo ne, ba ya daɗewa teku take korarsa. Mu a nan shi ne mai gida.

Daga baya na bi diddigin inda ƙurar take fitowa. Kaso mai yawa daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, inda a zamanin da ruwan babban tafki ya kwanta, ya ƙafe ya bar farin gari mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ta mazurari, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Wani ya sauka a Maiduguri da Kano, wani a kan gilashin motata a Jos, wani ya tsallake tekun Atilantika har Kudancin Amurka. Wannan ikon Allah ne, ba wanda zai tare shi. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, takan yi gargaɗi idan hazon zai yi kauri, jirage su yi jinkiri a filin jirgin Jos da ke Heipang, masu ciwon numfashi a ce su kula.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda muke ƙarawa da hannunmu. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa sanyinmu ya yi suna. Da dare ƙasa takan huce da sauri, iska mai sanyi da nauyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗan ɗumi ta zauna a samanta kamar murfin tukunya. Duk hayaƙin da aka tayar tsakanin tsakar dare da hantsi ba shi da hanyar hawa. Ku lura gobe da asuba: hayaƙin bola ba ya miƙewa sama, kwanciya yake yi, ya bi layi, ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa. To daidai wannan lokacin ne muke ƙona shara da leda, masu gadi su kunna taya don jin ɗumi, a cinna wa daji wuta a bayan gari, janareta kuma na ta aiki. Ba mu da tekun da zai turo mana mai shara da rana. Sai murfin ya ɗage da kansa, kuma kafin nan yara sun riga sun bi ta cikinsa sun tafi makaranta.

Likitar da ke duba yarinyar ta yi mini bayanin cewa ƙurar da kake gani a kan tebur ba ita ce babbar matsalar ba, don hanci na tare da yawa daga cikinta. Akwai ƙwayoyin da suka fi gashin kai siranta kusan sau 30, su ne ke wucewa har can cikin huhu, kuma hayaƙin taya da leda cike yake da su. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake rage ma'aunin da ta ce kada a wuce. Ni dai ma'aunina ƙirjin 'yata ne.

Muna yin abin da za mu iya. Taga a rufe har sai rana ta fito sosai. Jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a goge ɗaki da ruwa maimakon tsintsiya. Takunkumi in za ta fita da safe, man kaɗanya a ƙafa saboda faso, ruwan ɗumi a filas. Hajiyarmu ta so a riƙa shigar mata da kaskon gawayi ɗaki da dare. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ɗaya ba zan iya ba." Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum yana barci ta tafi da shi. Na sayo mata bargo na biyu, ta karɓa, ko da yake ranta bai so ba.

Yau bayan sallar azahar na samu mai gadin layinmu. Bawan Allah ne da ke kwana a waje cikin sanyin da ni ko minti goma ba na iya tsayawa a ciki, don haka ban je da faɗa ba. Na ce, "Baba, tayar nan tana taɓa mini yarinya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, wallahi ni ma da tari nake kwana. Sanyin ne." Na je kasuwar Katako na samo masa jibgegiyar rigar sanyi a gwanjo, da safa da hular kunne, maƙwabta biyu kuma suka ce za su haɗa kuɗin itace. Ya mirgino sauran tayoyi uku da ya tara a bayan rumfarsa, muka saka su a but ɗin motata.